Katangar Bayan Gidan Hajiya

Ni dai ba injiniya ba ne. Gara in faɗa tun da wuri, kada wani ya ji ina maganar katanga ya ɗauka na taɓa zama a ofis. Lakwal ɗin da na yi, wato makarantar boko, ba ta kai a kira ta lakwal ba: na shiga, malamin ya dube ni, na dube shi, muka fahimci juna, na fita. Rubutun nan ma da furfura na koye shi, shi ya sa yake tafiya kamar tsohuwar gbaka, motar hayar nan ta Abijan, a kan hawa.

Sana'ata yankan taya. Tun gemuna yana baƙi nake zaune gefen mararrabar Indeniye da wuƙa da dutsen wasi, ina mayar da tsohuwar taya takalmi, ko guga, ko igiyar ɗaure kaya, ko komin ba dabbobi ruwa. Mota ta gama da taya ta yar, ni in ɗauka in ci abinci da ita. Ban taɓa zaton wata rana za a dogara da taya a ce ta riƙe mini ɗakin kwana ba.

Gidan da nake haya a Barakodi yake, cikin Ajame, irin gidan nan mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya da muke ce wa kur. A gindin gangare aka gina shi. Bayan ɗakunanmu akwai doguwar katangar siminti wadda ta fi mutum biyu tsawo, ita ke tare tudun kada ya sauko mana. A saman tudun mahauta ne ke zaune da iyalansu, ɗan filin da ke bakin katangar kuma nan suke ɗaure dabbobi. Mai gidanmu wata tsohuwa ce, Hajiya, mijinta ne ya gina katangar kafin ya rasu. A gidan aka kawo mini amarya, a gidan aka haifi ɗiyata, a ɗakin nan kuma aka yi wa matata wankan ƙarshe. Ban da wani buri da ya rage mini sai ni ma a wanke ni a wurin. Ba babban buri ba ne, ko kare yana da inda ya fi son kwanciya.

Katangar kuwa ta daɗe tana yi mana ruku'u. Kowace damina sai ta ƙara sunkuyowa kaɗan, cikinta ya turo kamar na alhajin da ya ci ya ƙoshi. Wata shekara ma'aikatan hukuma suka zo da hulunansu masu ƙarfi, suka duba, suka ce wa Hajiya magana ɗaya ce: in katangar ta tsaya, gida ya tsaya. In ta faɗi, ko da ba ta taɓa kowa ba, za a shafa wa layin gaba ɗaya jan fenti, katafila ta zo. Mun ga yadda aka yi da wasu unguwannin gangare, babu wanda ya ɗauka wasa suke yi.

Wadda ta kawo dabarar taya ɗiyar Sarkin Fawa ce. Shi Sarkin Fawa shugaban mahautan saman tudu ne, abokina tun muna samari, kuma abokin wasana, don shi Bakatsinen Maraɗi ne, ni Bagobiri. Ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Ɗiyarsa a nan Abijan aka haife ta, ta yi karatu mai zurfi, tana aikin gina hanyoyi da gadoji. Hausarta gurguwa ce, tana jan ƙafa, in ta gaji sai ta hau Faransanci.

Ranar da ta zo duba katangar, na tare ta da tsiyata.

"Ɗiyata, kin zo ki ga surukarki? Ga ta nan, cikin wata tara."

"Baba, ba abin dariya ba ne," in ji ta. "Ƙasar da ke bayanta ce ke tura ta."

"Ƙasa ai ƙasa take dannawa. Ina ruwanta da gefe?"

Ba ta yi gardama da ni ba. Ta sa aka ciko buhu da jar ƙasa, aka kwara masa ruwa har ya sha, ta ce in juya baya in tsaya. Aka jingina mini buhun. Wallahi sai da na yi taku uku ban shirya ba, hulata ta faɗi, matan gida suka kwashe da dariya. Sai ta sa aka ciko wani buhun da guntayen tayar da nake zubarwa a bakin rumfata, shi ma aka kwara masa ruwa, aka jingina mini. Ruwan ya bi ta cikinsa ya jiƙa mini wando, amma ban gusa ba.

"Ka ji bambanci?"

"Na ji. Ɗaya ya ture ni, ɗaya ya yi mini fitsari."

"Voilà. Katanga ta fi son mai fitsarin."

Haka ta yi mana bayani, rabi Hausa rabi Faransanci, Hajiya na zaune kan tabarma da carbinta. Ƙasa in ta sha ruwa nauyinta ƙaruwa yake, ta riƙe ruwan, su haɗu su biyu su jingina da katanga. Yankakkiyar taya kuwa ba ta da nauyin ƙasa, guntayen suna sarƙe juna su tsaya da kansu, ruwa kuma ratsa su yake ya wuce. In aka kwashe ƙasar da ke manne da bayan katangar aka zuba taya a gurbinta, aka tokare katangar ta gaba, tsohuwar za ta samu ta numfasa.

Hajiya ta ce, "To wa zai ba mu taya mai yawa haka?"

Kowa ya juyo ya dube ni. Ban taɓa jin kaina da girma irin na ranar ba.

Rani guda muka yi muna wannan aiki. Wani kaso an kawo daga wata masana'anta mai injin yanka, sauran kuwa ni da 'yan sana'armu muka yanka da hannu, kowane guntu kamar tafin hannu. Wayar cikin taya ta tsattsaga mini yatsu har na kasa cin acceke, dambun rogon nan, da hannu, sai da cokali kamar ɗan gwamna. Samarin unguwa suka haƙe bayan katangar. Ɗiyar Sarkin Fawa ta shimfiɗa wani baƙin ƙyalle mai kauri don kada ƙasar tudu ta kutsa cikin tayar, aka sa bututai a gindin katanga don ruwa ya samu hanya, aka yi ta zuba taya ana tattakewa. Daga sama aka naɗe ƙyallen, aka rufe da ƙasa 'yar kaɗan saboda wuta. Ubanta da mahautansa sun yi aiki kamar kowa, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sai dai duk buhun da ya ɗauka sai ya ce, "Ka ga ƙarshen zamani. Bagobiri ya sayar mana da shara mun ce mun gode."

Damina ta zo, muka kasa kunne. Ruwa ya yi ta zuba, bututan suka yi ta tsiyaya garau, katanga ko gezau. Ma'aikatan suka dawo, suka duba, suka tafi da fentinsu ba su buɗe ba. Hajiya ta yanka akuya. Ni kuwa na fara tafiya a kasuwa ina gyara babbar riga, har masu garba, wato masu sayar da acceke da kifi, suna ce mini injiniya, ina amsawa.

Kafin wurin aikinta su tura ta arewa, ɗiyar Sarkin Fawa ta hau tudun da ni, ta nuna mini filin.

"Baba, kai ne mai gadin nan. Taya tana lotsawa a hankali, za ka ga wurin ya ɗan faɗa. Wannan ba komai. In ya faɗa, ka buɗe ka ƙara taya. Taya kawai, ka ji? Kuma ka riƙa duba bututan."

Na ce na ji. Na ji ɗin kuwa. Kowace safiya in na dawo masallaci sai na hau na duba. Filin bai faɗa ba. Wata ya wuce, wani ya wuce, yana nan sumul, har ma kamar ya ɗan tasa, ya yi tauri kamar daɓen ɗaki. Sai na ce a raina, to, tayar da hannuna ya yanka ai ba irin ta inji ba ce, ba ta san lotsawa ba. In ta kira ni a waya ta tambaya, sai in ce, "Cike yake fam, ɗiyata." Ita kuma ta ce, "C'est bien, Baba," tana zaton ni nake ƙarawa. Da ruwan bututan ya fara fitowa ja-ja, na ce tsatsar waya ce. Da ya rage sai ɗigo, na shiga gida ina shela cewa katanga ta girma, ta daina fitsarin kwance. Aka yi dariya. Ni ma na yi, har da riƙe ciki. Allah ya ba jaki gadi, ya ba shi kuma bakin ba'a.

A shekarun nan Babbar Sallah cikin tsakiyar damina take faɗowa. Wanda ya san Abijan ya san ruwan wannan lokaci, ba ya sallama, ba ya ban kwana. Washegarin Sallah da hantsi, an ɗan samu sarari, sai warin ƙonanniyar taya ya sauko mana tsakar gida. Wannan ba baƙon wari ba ne. Mahautanmu da wutar taya suke babbakar kai da ƙafa da ganda, don tana da zafi, ba ta mutuwa, kuma itace a damina jiƙaƙƙe ne. Amma hayaƙin ya yi kusa da yawa. Na hau.

A ƙarshen filin, bayan inda ake ɗaure raguna, na tarar da rami. An ɗage baƙin ƙyallen. Wani mahauci yana ciki har ƙugu yana cika buhu da tayata. Gefe kuma ga Sarkin Fawa da kansa, ya naɗe hannun riga, ga tulin jar laka an kawo a baro, yana zubawa a wani ramin yana kirɓawa da taɓarya.

"Kai, Bakatsine! Me nake gani?"

Ko razana bai yi ba. Ya share gumi, ya yi murmushi.

"A'a, bawana ya hau. Barka da Sallah. Zo ka ga aiki, ka koya."

"Tayar katanga kuke ɗiba?"

"Aro muke yi. Ka san yankakkiya ta fi kama wuta, ba sai an sha wahalar tsaga ba. Amma dubi nan." Ya buga taɓaryar a ƙasa, ta yi ƙara dim. "Ka taɓa ganin na ɗauki abin mutum na mayar da kwano wofi?"

Nan ne na gane abin da ya faru. A gidajenmu, tun daga can gida har nan Abijan, kwanon da aka kawo maka abu a ciki ba ya komawa wofi. Ko ƙwayar gyaɗa ce sai ka jefa. Wanda ya ari gishiri ya mayar da tsibi, wanda ya ari garwashi ya aiko da goro. Abin kunya ne a ce ka ɗiba ka bar gurbi. Sarkin Fawa kuwa a wannan fanni ba a kai shi ba, mutum ne da ko naman sisi ka saya sai ya yi maka gyara.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun bayan waccan daminar. Kaɗan-kaɗan, in an matsu. Na kafa musu doka: duk wanda ya ɗebi buhu ɗaya na roba, ya mayar da buhu da rabi na ƙasa. Ba ƙasar bola ba, laka mai kyau, ta gini. A kirɓe ta, a shafe, kada Hajiya ta ga rami ranta ya ɓaci. Shara muka ɗauka, kai Bagobiri, muka mayar da ƙasar Allah, har da gyara. Ina laifi?"

"Ɗiyarka ta ce taya kawai!"

"Ta ce kada a bar wurin ya faɗa. Ya faɗa?"

Na duba filin nan da nake taƙama da shi kowace safiya, sumul, mai tauri. Na buɗe baki in zage shi irin zagin da muka saba, zagin ya ƙi fitowa. Shi ma ya ga fuskata, murmushin ya bar tasa. Ya ajiye taɓaryar a hankali.

Na kira ɗiyar tasa a waya a gabansa. Na faɗa mata abin da na gani. Sannan ta tambayi bututan. Na ce sun bushe. Ta ce in ba ubanta. Ban ji abin da ta faɗa masa ba, Faransanci ne ya yi yawa, kuma da kuka a ciki. Na dai ji shi yana cewa, "To, uwata. To. Wallahi gyara na yi nufi. To." Da ya miƙo mini, ta ce, "Baba, ku fitar da kowa daga ɗakunan da ke jikin katanga, yanzu. Ku fara haƙe lakar daga sama. Ina hanya."

Fitar da mutane ya fi haƙar wuya. Hajiya ta ce ita ba inda za ta, mijinta ne ya gina katangar, ba za ta ci amanarta ba. Sai da Sarkin Fawa ya sauko ya durƙusa gabanta, babban mutum da shi, ya ce, "Hajiya, don girman Allah ki tashi. In abu ya same ki, ni na kashe ki." Ta dube shi ba ta gane ba, amma ta tashi.

Mahauta suka bar naman Sallah a kan tebura suka ɗauki shebur. Muka yi ta haƙa. Lakar nan da aka kirɓa da zuciya ɗaya ta kama kamar siminti, ga ta jiƙe sharkaf, kowane shebur sai ka ce da dutse. Inda muka huda, sai mu tarar ta bi ruwa ta gangara ta cike duk ƙofofin da ke tsakanin guntayen tayar, ta toshe bututan ta ciki. Abin da muka zuba mai sauƙi ya koma dunƙule guda mai nauyi, cike da ruwa. Bayan azahar hadari ya haɗo daga wajen teku. Muka ci gaba cikin ruwan har ramin ya fara cika, ƙafa na nutsewa, Sarkin Fawa ya ce kowa ya fito.

Ana kiran la'asar katangar ta tafi. Ba ta yi wata babbar ƙara ba. Wani gurnani ta yi kamar sa in an kwantar da shi, sai ta kwanta a kan ɗakunan baya. Jar laka da baƙaƙen guntayen taya suka malalo tsakar gida har bakin rijiya. Ina tsaye a ƙofar gida ina kallo, wani guntu ya zo ya tsaya a kan ƙafata. Na gane yankan wuƙata a jikinsa.

Ba wanda ya mutu. Mutane suka yi ta cewa a gode wa Allah, muka gode. Maƙwabtanmu 'yan ƙasa suna ta ce mana yako, yako, wato sannu. Ɗiyar Sarkin Fawa ta iso washegari da takalman aikinta, ta zagaya, ta tsuguna ta ɗebi lakar a hannu tana murzawa. Ba ta ce wa ubanta komai ba, ba ta ce mini komai ba. Da ta zage mu da ya fi mini sauƙi. Ta bi ma'aikatan har ofishinsu tana roƙo, tana cewa dabarar ba ta gaza ba, a ba ta dama ta sake ginawa. Suka ce mata magana ɗaya ce, kuma an riga an yi ta. Ba su yi ƙarya ba.

Jan fentin ya hau bangonmu, ya hau na mahautan saman tudu. Ranar da katafila ta zo na tsaya na ga ɗakina. Ashe ƙarami ne. Cokalin katafilar sau ɗaya ya wuce ta kansa, ko tsayawa bai yi ba.

Hajiya ta koma wajen wani jikanta a bayan gari. Ba ta ga wata daminar ba. A ɗakin aro aka wanke ta, a unguwar da ba wanda ya san mijinta ya taɓa gina komai. Sauran 'yan gidan kowa ya kama gabansa, wasu na ji labarinsu, wasu ko a jana'iza ba mu haɗuwa.

Ni yanzu ina Aras, a Tareshibil, wajen ɗiyata da mijinta, a bene na sama. Sun ba ni katifa a falo, da safe a naɗe ta a jingina bayan kujera. Jikokina suna ce mini pépé, in na ba su labari da Hausa sai su dubi uwarsu ta fassara. Gada ɗaya ce tsakanina da Ajame, amma ban cika hayewa ba. Yatsun sun ƙi riƙe wuƙa, kuma ba na son in bi ta wajen in ga filin. An ce ciyawa ta fito, ana ajiye manyan motoci. Wani lokaci ina zaune sai in kama kaina ina duban bangon falon, ina neman inda ya turo ciki. Surukina ya ce, "Baba, wannan ginin ba tudu a bayansa." Na ce na sani, sabo ne, mai gadi ba ya ritaya ko an sace abin da yake gadi.

Sarkin Fawa ya zo sau ɗaya. Ya rame, rawanin ya yi masa yawa. Ya hau benen yana haki, da kwano a hannu, farfesun ganda ne matarsa ta dafa. Muka gaisa kamar baƙi, lafiya lau, ina gajiya, ina iyali. Na jira ya ce mini bawansa, bai ce ba. Ni ma na nemi zagi ɗaya a bakina in ba shi, ko don ya samu na komawa da shi, ban samu ba. Ya ce ɗiyar tasa tana gaishe ni. Na tambaya ko tana zuwa gida. Ya ce tana aikowa.

Da zai tafi ya ce, "Kwanon, in an gama, ba gaggawa."

Na ci gandar, ba zan ɓoye ba, har na side. Akwai ɗan warin hayaƙin taya a jikinta. Ɗiyata ta wanke kwanon ta ce za ta ba direban woro-woro, tasin haya, ya kai masa. Na ce ta bari, ba a mayarwa haka. Ta ce to me za a sa? Na duba falon. Kujerun na surukina ne, shinkafar tasu ce, goron da ke aljihuna ma shi ya saya mini.

Kwanon yana nan bayan kujera, inda ake jingina katifata. Wata Sallar ta zo ta wuce, bai aiko a karɓa ba.